Gizo ya bar tatsuniya ya shiga kwamfuta

Kun lura Gizon nan mijin Ƙoƙi ya bar mana kalmomi? Bakan gizo, yanar gizo. Dodo ma haka: dodon koɗi, dodon kunne.

To me ya sa baka ya ɗauki -n, yana kuma ta ɗauki -r? Jinsi ne. Baka namiji ne, yana mace ce, kuma mahaɗi yana bin jinsin kalmar farko, ba ruwansa da Gizo.

Amma ka je Boɗinga ko Shagari, "yanag gizo" za ka ji, kamar yadda ake cewa "rigab Bello", "hulas sarki". Mahaɗin mace ya rikiɗe ya koma baƙin da ke gabansa. Wannan ba kuskure ba ne, Sakkwatanci ne, kuma wallahi ya fi daɗi a baki.

Harsunan kwamfuta irin su Python ba su san wannan sassauci ba. Rubuta Print a maimakon print, aiki ya tsaya cak. Mai duba jarrabawa ma kusan halinsu ɗaya, don haka ɗalibai, a takarda ku rubuta "yanar gizo".

A garinku yaya kuke furta ta?