Zama ɗan Najeriya ta hanyar dogon zama

Zama ɗan Najeriya ta hanyar dogon zama hanya ce da Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanadar wa baƙon da ya daɗe a ƙasar, don ya nemi Shugaban Ƙasa ya ba shi takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Sashe na 27 ne ya yi bayanin ta. Ita ce ta uku cikin hanyoyi uku: akwai ta haihuwa a sashe na 25, da ta rajista a sashe na 26. Daɗewa kaɗai ba ta mayar da baƙo ɗan ƙasa, sai ya nema kuma an amince.

Wanda ake kira baƙo a doka

Haihuwa a cikin Najeriya ba ta isa ba. Wanda aka haifa a ƙasar bayan 1 ga Oktoba, 1960, yana zama ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Najeriya ne. Saboda haka mutumin da ya zo daga Maraɗi ko Damagaram ya zauna a Kibiya, a kudancin Jihar Kano, yana noma yana cin kasuwar Rano, Hausarsa ba ta da maraba da ta maƙwabtansa, a wajen doka baƙo ne. 'Ya'yansa kuwa, idan mahaifiyarsu 'yar Najeriya ce, 'yan ƙasa ne tun daga haihuwa.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba tare da biza ba har kwana 90, amma damar shiga daban, zama ɗan ƙasa daban. Nijar ma ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Sharuɗɗa

Sashe na 27 ya jera sharuɗɗa bakwai. Dole mai nema ya zama baligi mai cikakken hankali, mai kyawun hali, wanda ya nuna a fili cewa a Najeriya yake nufin ya zauna dindindin. Dole ya kasance ya amfani ƙasar ko zai iya amfanar ta, kuma ya yi rantsuwar biyayya da ke Jadawali na Bakwai.

Sharaɗin shekaru shi ne wanda aka fi sani. Ko dai mutum ya yi shekara 15 a jere kafin ranar da ya nema, ko kuma ya yi wata 12 a jere, sannan a cikin shekara 20 da suka gabaci waɗannan watanni zamansa ya kai jimillar shekara 15. Hanya ta biyun ta fi dacewa da fatake da 'yan cirani masu zuwa suna komawa. Wa'adin yana da tsawo idan aka kwatanta da na wasu ƙasashe: a Nijar shekara 10 ne, a Amurka kuwa shekara 5 ga mai takardar zaman dindindin.

Sharaɗin da ya fi jan hankali shi ne na karɓuwa. Kundin ya ce sai Gwamnan jihar da mutum yake zaune ya gamsu cewa al'ummar wurin sun karɓe shi, kuma ya saje da yanayin rayuwarsu. Bai tanadi jarrabawar harshe ko ta tarihi irin wadda Amurka da Birtaniya suke yi ba, bai kuma faɗi ma'aunin sajewa ba, ya bar abin ga ra'ayin Gwamna. Ga mazaunin Kibiya wannan shi ne sharaɗi mafi sauƙi, domin mai unguwa da dagaci da liman duk sun san shi. Wahalarsa tana wajen takarda. Wanda ya shigo shekara 30 da suka wuce ba tare da an buga masa hatimi a kan iyaka ba, bai kuma taɓa karɓar izinin zama ba, zai sha wuya kafin ya tabbatar wa hukuma shekara 15 ɗin, ko da duk garin zai shaide shi.

Yadda ake nema

Ana shigar da buƙata ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da ke Abuja. Hukumar Shige da Fice da Hukumar Tsaro ta Farin Kaya suna bincike a kan mai nema, wani kwamitin ba da shawara ya tantance, sannan a kai wa Majalisar Zartarwa ta Tarayya. A watan Satumbar 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba mutum 286 takardun zama 'yan ƙasa, 208 ta dogon zama, 78 ta rajista. 'Yan Lebanon ne suka fi yawa a cikinsu, al'ummar da ta daɗe tana kasuwanci a Kano, wadda Hausawa ke kira Kwara.

Bambanci da rajista

Rajista ba ta da sharaɗin shekara 15. An tanade ta ne ga baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya, da wanda aka haifa a waje amma ɗaya daga kakanninsa ɗan ƙasa ne. Baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba ya ciki, sai dai ya bi doguwar hanya. A watan Maris na 2022 Majalisar Dokoki ta Tarayya ta ƙi amincewa da gyaran da zai daidaita maza da mata a wannan batu.

Iyakokin haƙƙi

Wanda ya samu takardar yana iya karɓar fasfo da yin zaɓe, amma ba zai zama Shugaban Ƙasa ko Gwamna ba, domin sashe na 131 da na 177 sun keɓe su ga ɗan ƙasa na haihuwa. Sashe na 307 ya hana shi riƙe muƙamin zaɓe ko na naɗi da ke ƙarƙashin kundin sai bayan shekara 10. Yana iya ci gaba da riƙe ƙasar da ya gada ta haihuwa, amma idan ya karɓi wata sabuwa zai rasa ta Najeriya. Shugaban Ƙasa yana iya ƙwace takardar idan a cikin shekara 7 da samun ta aka yanke masa ɗaurin shekara 3 ko fiye, ko aka tabbatar ya ci amanar ƙasa.

Ɗan ƙasa na haihuwa ba a yi masa haka. A 1980 gwamnatin Shehu Shagari ta kori Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Borno, zuwa Chadi bisa zargin cewa baƙo ne. Babbar Kotun Maiduguri ta yanke hukuncin cewa ɗan Najeriya ne, ta soke korar.

Akwai kuma takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda mutane kan ruɗa ta da zama ɗan ƙasa. Ƙaramar hukuma irin ta Kibiya ce ke ba da ita, ana kuma neman ta wajen tallafin karatu da ɗaukar aikin gwamnati. Sashe na 27 bai ambace ta ba, takardar Shugaban Ƙasa kuma ba ta ɗora mutum a kan wata ƙaramar hukuma a matsayin ɗan asali.