Wasan Harbi A Amarawa: Mutum 4 A Ɗaki Ɗaya, Ko 150 Ta Intanet?

Amarawa gari ne da ke kusa da Illela a Jihar Sakkwato, daf da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, a kan hanyar da ta nufi Birnin Ƙonni. An san wannan yanki da kasuwar dabbobi ta Illela wadda ke ci ranar Lahadi. Amma kamar sauran garuruwan Arewa, da yamma akan ga samari sun taru a shagunan gem, inda akwatin talabijin da na'urar PlayStation da ƙaramin janareta su ne jarin mai shago. Wasan ƙwallon ƙafa ya fi kowane karɓuwa a irin waɗannan shaguna, sai wasan harbi, watau wanda mai wasa ke riƙe da bindiga a cikin hoto yana farautar abokan hamayya. A kan wannan wasa ne wata tambaya takan taso: mutum nawa ne za su iya yi a lokaci guda, kuma me ya ƙayyade adadinsu?

Amsar ta rabu gida biyu. Hanya ta farko ita ce 'yan wasa su zauna a ɗaki ɗaya, a raba fuskar talabijin gida biyu ko huɗu, kowa da nasa sashe da kuma nasa hannun wasa. Wasan GoldenEye 007, wanda ya fito a 1997 a kan na'urar Nintendo 64, shi ya yi fice da wannan tsari, domin na'urar tana da gurbin hannu huɗu. A 2001 wasan Halo na na'urar Xbox ya ƙara gaba, inda ake haɗa na'urori huɗu da waya, mutum 16 su kara ba tare da intanet ba.

Dalilin tsayawa a kan mutum huɗu a talabijin ɗaya ba boyayye ba ne. Kowane ɗan wasa yana duban filin daga wajen da yake tsaye, saboda haka dole na'ura ta zana filin sau huɗu a lokaci guda, sa'an nan kowane sashe yana ƙanƙancewa har ya gagari ido. Da hotunan wasanni suka ƙara kyau, sai nauyin ya ƙaru. Shi ya sa kamfanin da ya yi Halo 5 a 2015 ya cire raba talabijin ɗungurungum, don wasan ya riƙa nuna hoto 60 a kowace daƙiƙa, abin da ya jawo ƙorafi mai yawa daga masu saye.

Hanya ta biyu ita ce ta intanet, wadda ta kankama bayan kamfanin Microsoft ya buɗe Xbox Live a watan Nuwamba na 2002. A nan kowace na'ura sashen mai ita kaɗai take zanawa, yayin da wata babbar kwamfuta mai suna uwar garke ke can nesa tana lissafin inda kowa yake da wanda harsashi ya sama. Wannan ya buɗe ƙofa ga ɗimbin jama'a. Wasan MAG na PlayStation 3 ya ɗauki mutum 256 a 2010, Call of Duty: Warzone ya fito a 2020 da mutum 150, Battlefield 2042 kuwa ya fito a 2021 da mutum 128 a sababbin na'urori, amma 64 kacal a kan PlayStation 4.

To, sai dai waɗannan alƙaluma an tsara su ne don wanda ke zaune kusa da uwar garke. Yawancin waɗannan kwamfutoci suna Turai ne da Amurka da Asiya, waɗanda ke Afirka kuma sun fi yawa a Afirka ta Kudu. Idan saurayi a Amarawa ya danna kunamar bindiga, saƙonsa zai bi turakun waya, ya ratsa fiye da kilomita 1,000 zuwa Legas, sa'an nan ya shiga wayar ƙarƙashin teku. Wayar MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta ya kai kimanin kilomita 7,000 zuwa Fotugal. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin irin wannan waya, watau zuwa da dawowa a teku kaɗai sun cinye kashi 7 cikin 100 na daƙiƙa. Ga mai aika wasiƙa wannan ba kome ba ne, amma a wasan harbi ya isa a kashe mutum tun bai ga wanda ya harbe shi ba.

Bayan nisa akwai kuɗi. Warzone kyauta ne, amma sauke shi a lokacin da ya fito ya ci fiye da gigabayit 80 na data. Wasannin da ake saye kuwa, tun fitowar PlayStation 4 a 2013, ba a yin su ta intanet sai an biya kuɗin rajista na PlayStation Plus. Ga kuma man janareta, wanda ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023.

Har ila yau, sabis ɗin kansa ba abin dogaro ba ne. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga. A ranar 14 ga Maris, 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama. A irin waɗannan ranaku wasan mutum 150 ba ya motsi, amma samari huɗu da talabijin ɗaya ba abin da zai hana su ci gaba muddin akwai wuta.

Akwai wata asarar da ta fi wannan. Wasan da ya dogara ga uwar garke kacokan, ransa yana hannun kamfani. A watan Janairu na 2014 kamfanin Sony ya rufe kwamfutocin MAG, kuma da yake ba a yin wasan sai ta intanet, duk wanda ya sayi faifansa sai ya wayi gari da abin da ba shi da amfani. GoldenEye kuwa, wanda ya girme shi da shekara 13, har gobe ana iya kunna shi a tsohuwar na'ura. Lalle guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka ɗalibin da ya tara kuɗinsa, da ma'aikacin da zai saya wa 'ya'yansa, da mai shagon da zai zuba jarinsa, ya kamata su duba bayan kwalin faifai kafin su biya. A nan ake rubuta adadin waɗanda za su iya wasa a na'ura ɗaya, da adadin na intanet, da kuma ko wasan yana buƙatar intanet dole, har da shekarun da suka dace, domin yawancin wasannin harbi na manya ne. Ga mutumin Amarawa, adadin farko shi ne wanda yake da tabbacin samu, na biyun kuwa sai nisa da kuɗi da sabis sun yarda.