Me Ya Sa Mai Sauya Sheƙa Ya Fi Tsohon Masoyi Farin Jini?

A 1961, Donn Byrne na Jami'ar Texas a Amurka ya sa ɗalibai sun cika takardar tambayoyi kan ra'ayoyinsu. Daga baya ya miƙa wa kowannensu takardar wani baƙo, alhali Byrne ne da kansa ya tsara amsoshin. Duk wanda ya ga amsa irin tasa sai ya ce baƙon mai hankali ne, mai tarbiyya, kuma zai so su yi aiki tare. Mutumin da ko a duniya babu shi!

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ra'ayi ba buhun masara ba ne da za a ɗora a sikeli. Hanyar da mutum ke samun natsuwa cewa yana kan daidai ita ce ya ji wani ya ce masa “gaskiyarka”.

Sai dai ba kowace “gaskiyarka” ce ke da daɗi ɗaya ba. A 1965, Elliot Aronson da Darwyn Linder sun shirya yadda ɗalibai mata a Jami'ar Minnesota za su riƙa jiyo wata tana faɗin albarkacin bakinta a kansu. Wadda ta fara da kushe ta koma yabo ta fi shiga ransu, har ta zarce wadda ke yabo tun farko. Wadda ta fara da yabo ta ɓige da kushe kuwa, ita ce a ƙarshen sahu. A 1970 Harold Sigall ya ga irin wannan a muhawara: idan batun ya dami mai magana, ya fi son wanda ya sauya ra'ayi ya bi nasa fiye da wanda dama suke tare.

Mu leƙa taron karɓar masu sauya sheƙa. Wanda jiya yake zagin jam'iyya a rediyo, yau shi ne a kujerar gaba, an ɗaga hannunsa an danƙa masa tuta. Matashin da ya shekara da shekaru yana liƙa fosta yana can cikin rana, ko ruwan leda bai samu ba. Wannan rashin adalci ne, kuma ba 'yan siyasa kaɗai ke yin sa ba.

Ɗaya ɓangaren ya fi damuna. Wanda ya bar mu ya fi abokin hamayya na asali shan tsana, domin ya san hujjojinmu ciki da bai, kuma ya ce ba su gamsar da shi ba. Da jam'iyyar PRP ta dare gida biyu a 1980, 'yan taɓo suka tsaya wa Malam Aminu Kano, 'yan santsi suka bi Abubakar Rimi da Balarabe Musa, mutanen da suka yi yaƙin zaɓen 1979 kafaɗa da kafaɗa suka koma ba sa ga maciji da juna. Shi ya sa a majalisun unguwa za ka tarar da wanda tuni zuciyarsa ta sauya, amma yana nan yana gyaɗa kai, don kada a daina kawo masa goron suna.