Daga Kufena Zuwa Gangirwal: Duwatsunmu Na Jiran Mahaya

Duk wanda ya taso daga Sabon Gari ya bi ta Kwangila ya nufi Samaru, in ya waiga hagu a ranar da babu hazo, zai hango Dutsen Kufena can wajen Wusasa. Kullum muna ganinsa. Amma ka tambayi maƙwabtanka ko sun taɓa hawa, za ka sha mamakin yawan masu girgiza kai. Wani ma zai ce maka hawan dutse aikin Turawa ne da marasa abin yi.

Wannan magana ba ta da tushe, domin kakanninmu a gindin duwatsu suka fara kafa gari: Dala a Kano, Kwatarkwashi a Zamfara, Turunku da Kufena a ƙasar Zazzau. Ruwayoyi sun nuna cewa a ƙarni na 16, zamanin Bakwa Turunku, aka dawo da mazaunin sarauta yankin Kufena, kuma har yau ana ganin burbushin tsohuwar ganuwar da ake dangantawa da Sarauniya Amina a kewayen dutsen. Masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, sun yi aiki a wurin, ɗalibai kuma na zuwa nazarin ƙasa da duwatsu.

Hawan yana son sammako. Da an idar da sallar asuba a kama hanya, kafin rana ta gasa falalen dutsen, don da hantsi ya dubi ludayi tafin hannu ba ya iya daɗewa a kansa. A sa takalmi mai kama ƙasa, ba silifas ba, a riƙe gorar ruwa. Can tsakiyar hanya numfashi zai fara sama-sama, cinya ta yi nauyi, mutum ya riƙa dafa dutse yana laluben tsaguwar da zai sa ƙafa, ƙadangaru na tsere a gabansa. Daga bisani sai iska mai sanyi ta bugo. Ga birnin Zariya shimfiɗe da rimayensa, ga dogayen gine-ginen jami'a a Samaru, ga gonakin dawa da masara iya ganinka. A ganina ƙarshen damina ya fi, wajen Oktoba, lokacin da ƙasa ke kore shar kuma ƙurar hunturu ba ta sauko ba. Da tsakiyar damina kuwa dutsen na da santsi, kada a yi ganganci.

Wanda Kufena ya buɗe wa ido zai so abin da ya fi shi. Da can sai a ce masa ya tafi gandun Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. 'Yan bindiga sun raba mu da shi, kuma wannan asara ce da ba a cika lissafawa ba idan ana ƙirga ɓarnar rashin tsaro.

Saura Gashaka-Gumti, tsakanin jihohin Taraba da Adamawa, gandu mafi girma a Najeriya. An kafa shi a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Tafiya ce ta gaske: daga Zariya sai Jalingo, sai Bali, sannan Serti inda hedikwatar gandun take. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, wanda ake kira Gangirwal, mai tsayin mita 2,419 a kan iyakar Kamaru. Babu tsaunin da ya kai shi a ƙasar nan. Hawansa kwanaki yake ci, da ɗan jagora da masu ɗaukar kaya, ana kwana a daji, sanyin saman kuma sai da bargo. Kurmin na ɗauke da ɓauna da gwaggon biri da biri mai ganga, wanda ya yi ƙaranci a duniya. Ruwan da ke gangarowa daga tsaunukan shi ke ciyar da Kogin Taraba, ya zuba a Binuwai, don haka sare itacen can na taɓa manomi da masunci da ke nesa. Da rani ake zuwa, daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da ake iya ƙetare rafuka, kuma wajibi ne a tuntuɓi hukumar gandun kan halin hanya kafin a tashi.

Ba kowa ke da kuɗi da lokacin wannan tafiya ba. Kufena kuwa kuɗin Keke Napep ne kawai. Abin da ke ci mini rai shi ne ledojin fiyawota da sunayen da ake zanawa da fenti a jikin dutsen da ya girmi masarautar kanta.

Malaman makarantun Samaru da Sabon Gari, ku kai yaranku Kufena ko sau ɗaya a zango, ku nuna musu ganuwar, ku sa kowa ya sauko da ledarsa a hannu. Masarautar Zazzau da gwamnatin Jihar Kaduna kuma su shata iyakar wurin, su sa masu gadi da 'yan jagora daga cikin matasan Wusasa.