Lissafin Rashin Daidaito: Inda Makin Ɗalibai Ke Zubewa a Jarrabawar JAMB

Ɗalibin da zai zauna jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB yana da tambayoyi 180 da zai amsa a kwamfuta cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa ukun da ya zaɓa. In aka raba lokacin, daƙiƙa 40 ce rabon kowace tambaya. Cikin wannan gaggawa, ga wanda ya zaɓi darasin lissafi, akwai wani sashe na aljabara da yake cinye makin yara masu ƙoƙari ba tare da sun ankara ba, wato lissafin rashin daidaito, wanda ake rubutawa da alamomin <, >, ≤ da ≥. Biyun farko sun fara bayyana ne a littafin Thomas Harriot, masanin lissafi ɗan Ingila, wanda aka buga a 1631 bayan rasuwarsa.

Abin da ya raba wannan lissafi da wanda aka saba shi ne amsar. Idan aka ce 2x = 10, amsa guda ce, 5. Idan kuwa aka ce 2x < 10, duk lambar da ba ta kai 5 ba amsa ce: 4, da 0, da −100. Iyaka ake nema a nan, da kuma ɓangaren iyakar da amsa ta faɗa.

A ganina, wahalar ta fi yawa tun wajen mayar da magana zuwa alama. Ga misali. Yarinya tana da naira 5,000, kuɗin mota zuwa kasuwa da dawowa naira 1,400, littafin rubutu kuma naira 500 kowane ɗaya. Guda nawa za ta iya saya? Abin da za ta kashe ba zai wuce abin da ke hannunta ba, amma yana iya yin daidai da shi, saboda haka 500x + 1,400 ≤ 5,000. A cire 1,400 daga kowane ɓangare, saura 500x ≤ 3,600, wato x ≤ 7.2. Ba a sayar da gutsuren littafi, don haka bakwai za ta saya. To, a juya tambayar: ɗalibai 100 za su yi tafiya, kowace bas tana ɗaukar mutum 18, bas nawa ake buƙata? A nan kujeru ne dole su kai yawan mutane ko su wuce, 18x ≥ 100. Idan aka raba, x ya ɗara 5 da rabi kaɗan, amsa kuwa shida ce, domin bas biyar za su bar mutum goma tsaye a tasha. A tambayar farko an sauko ƙasa, a ta biyu an hau sama, kuma ma'anar tambayar ce ta yanke hukuncin. Duk inda aka ce "aƙalla" ko "bai gaza ba", alamar ≥ ake nufi. "Bai wuce ba" kuma ≤ ce. "Ya fi" da "bai kai ba" su ne ba sa haɗawa da lambar iyakar kanta.

Sai maganar juya alama, wadda kowane malami yake nanatawa, ɗalibai kuma suke haddacewa su manta a ɗakin jarrabawa don ba su san dalilinta ba. Kowa ya yarda 2 < 5. Amma wanda ake bi bashin naira 2 ya fi wanda ake bi naira 5 dama-dama, shi ya sa −2 > −5. Ninkawa ko rabawa da lambar da ke ƙasa da sifili yana juya matsayin lambobi, dole alamar ta juya tare da su. Ɗauki 7 − 3x > 16. A cire 7, a samu −3x > 9. A raba da −3, alamar ta juya, x < −3. Tarawa da ɗebewa ba sa taɓa alamar ko kaɗan.

Tarko na gaba yana jikin x². Mai sauri yana ganin x² > 9 sai ya rubuta x > 3 ya wuce, alhali −4 ma idan aka ninka ta da kanta 16 take bayarwa. Cikakkiyar amsa ita ce x > 3 ko x < −3. Haka nan x² − 5x + 6 < 0: a fasa ta zuwa (x − 2)(x − 3) < 0, a ja layin lambobi a takardar gwaji, a sa alama a kan 2 da 3, sannan a ɗanɗana lamba ɗaya daga kowane yanki. Sifili ya ba da 6, bai yi ba. Huɗu ta ba da 2, ita ma ba ta yi ba. Sai 2.5 da ta ba da −0.25, saboda haka 2 < x < 3. Kuma kada a kuskura a ninka ɓangarorin biyu da x matuƙar ba a san ko yana sama da sifili ko ƙasa da shi ba.

Da yake zaɓi huɗu ake bayarwa, A zuwa D, masu tsara tambaya sukan ajiye amsar wanda ya manta juya alama a cikinsu, ta yadda zai gan ta ya danna da murnarsa. Maganin wannan bai fi daƙiƙa goma ba. Wanda ya samu x > −3 a misalin 7 − 3x > 16 na ɗazu, ya gwada sifili, tunda yana cikin amsarsa: 7 > 16 ƙarya ce, ke nan akwai gyara. Wanda ya samu x < −3 ya gwada −4, ya samu 19 > 16, sai ya danna ya wuce tambaya ta gaba.