Daga Rairayin Maigatari zuwa Fadamar Baturiya a kan Keke

Duk wanda ya taso a ƙasar Gumel ya san darajar ruwa tun yana goye. Mu nan ba mu da babban kogi. Daga Maigatari zuwa Sule Tankarkar, daga Gagarawa zuwa cikin garin Gumel, abin da muka sani shi ne rijiya mai zurfi, da burtsatse, da tafkin da ke cika da damina ya ƙafe kafin azumin tsofaffi ya zagayo. Shi ya sa nake jin takaici idan na tuna cewa a cikin jiharmu ta Jigawa, tafiyar 'yan sa'o'i kawai ta hanyar Malam Madori da Haɗejiya, akwai wata fadama da tsuntsaye ke ƙetaro hamadar Sahara daga Turai domin su yi hunturu a cikinta, amma yawancin yaranmu ko sunanta ba su taɓa ji ba. Sunanta Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma.

Baturiya wani yanki ne na babbar fadamar Haɗejiya da Nguru. Kogin Haɗejiya da kogin Jama'are ne ke gangarowa daga yamma da kudu, su tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan rairayi, sai ruwan ya rasa hanya ɗaya miƙaƙƙiya, ya rarrabu, ya malala tsakanin tudu da tudu, kafin abin da ya rage ya haɗu ya zama kogin Yobe ya nufi Tafkin Chadi. A wannan malala ne ake shuka shinkafa da damina, a kama kifi idan ruwa ya fara ja, a yi noman rani a danshin da ya bari, sannan Fulani su sauko da shanu su ci ciyawa. Ƙasa ɗaya, amfani huɗu a shekara.

Duniya ta daɗe da sanin wurin. A 1971 aka ƙulla wata yarjejeniya a garin Ramsar na ƙasar Iran domin kare fadamu masu muhimmanci, kuma tafkin Nguru da mashigin Marma ne wuri na farko da Najeriya ta sa a wannan jeri, a shekarar 2000. Baturiya ta shiga a 2008, tare da tafkin Dagona na ƙasar Bade a jihar Yobe, inda Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya taɓa zuwa kallon tsuntsaye a 1989. A 2020 hukumar UNESCO ta sa yankin Haɗejiya, Nguru da Bade cikin wuraren da take ba kulawa ta musamman, kuma a shekarar ne gwamnatin tarayya ta amince a mai da Baturiya gandun daji na ƙasa. Takardu dai sun cika. Abin da bai cika ba shi ne hanyar da talaka ɗan Jigawa zai bi ya je ya ga abinsa.

A nan ne keke ya shigo maganar.

A tsakiyar Ingila akwai wani tafki da ake kira Rutland Water, madatsar ruwa ce da aka gina a shekarun 1970, ita ma tana cikin jerin Ramsar. An zagaye ta da hanya mai tsawon kimanin kilomita 37, wadda galibinta ba a barin mota ta hau, sai mai keke da mai tafiya a ƙasa. Ana ba da hayar keke a bakin ruwa, akwai ɗakunan ɓuya na katako inda mutum zai zauna ya leƙa tsuntsu ba tare da tsuntsun ya gan shi ba. Akwai wani shaho mai kamun kifi da ke sheƙa a can, idan sanyi ya matso, Afirka ta Yamma yake tahowa. Su sun gina tafkinsu da kuɗi. Mu Allah ne Ya shimfiɗa mana namu, ya kuma fi nasu girma nesa ba kusa ba.

Dalilin hana mota da babur a irin wannan wuri ba ƙawa ba ce. Tsuntsun da ya taso daga Turai yana isowa ne wajen watan Oktoba ko Nuwamba a rame, ya ƙone kitsen jikinsa a kan hanya. Aikinsa a watannin hunturu shi ne ci da hutawa, ya sake tara kitsen da zai ɗauke shi ya ƙetare Sahara wajen watan Maris. Duk lokacin da ƙarar inji ta firgita garke ya tashi sama, ya yi shawagi ya sake sauka, guzurin komawa gida ne ake rage masa. Idan abin ya yi yawa, sai ya bar wurin gaba ɗaya. Keke ba shi da ƙara, ba ya hayaƙi, ba ya tsiyayar da baƙin mai a bakin ruwa, tayarsa kuma ba ta farfasa gaɓa yadda tayar mota ke yi. Amma a faɗi gaskiya, mai keke ma yana korar tsuntsu idan ya kutsa har bakin ruwa. Saboda haka dole hanyar ta bi ta kan tudu, nesa kaɗan, a bar wa masu fiffike gefensu.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin irin wannan ruwa da sanyin asuba ya san abin da nake nufi. Hazo na kwance a kan ruwa, hannu ya ƙage a kan keke, ba ka jin komai sai ƙarar kaca da yashi a ƙarƙashin taya. Can sai kukan kirinjijiya ya taso kamar ana busa usur da yawa lokaci guda. Ga zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya, bai ko motsa ba. Ga dinya, baƙa da fari, ta fi kowa girma a cikin agwagin. A tsakaninsu kuma akwai wasu ƙananan agwagi, namijinsu da farin layi a saman ido kamar an ja masa alli, waɗannan su ne baƙin da suka zo daga Turai. Wanda ya iso a kan babur ba zai ga rabin wannan ba, domin kafin ya kashe inji sun riga sun watse.

Ba kuma baƙon abu za a kawo wa mutanen wurin ba. Masunci da ke ɗaure kwandon kifi a kariya, da mai kai bandar kifi kasuwa, da ɗan makaranta, duk a kan keke suke bin waɗannan 'yan hanyoyi tsakanin goriba da gawo tun zamanin keken Raleigh. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da aka jingine a zaure ma sun sake fitowa. Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba: a zaɓi hanyar da ake bi dama, a zuba mata jar ƙasa a wuraren da yashi ke kama taya, a kafa alamu da Hausa, a samu rumfar haya da mai faci a mashiga. Mai facin nan kada a raina shi, domin ƙayar aduwa da ta bagaruwa da tsidau ba sa ragawa kowace taya. 'Yan rakiya kuma su kasance samarin ƙauyukan, waɗanda suka san inda ruwa ke da zurfi da lokacin da kowane tsuntsu ke sauka. Idan kuɗin baƙo yana shiga aljihun ɗan gari, ɗan gari ne zai fara hana mai harbi da mai sare itace. Lokacin yawon ma sananne ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina ruwa ne ke da hanya, ambaliyar 2022 ta isa shaida.

Sai dai duk wannan magana a kan ruwa take tsaye, ruwan kuma yana cikin matsala. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke zuwa da ƙarfi lokaci guda ta ragu, sai ruwa kaɗan-kaɗan da ke gudana duk shekara. Wannan shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Ta cika mashigai, ta toshe su, wani wuri ya nutse, wani ya bushe ƙurmus, tsuntsun jan baki ya samu mafaka a cikinta yana fitowa yana cinye shinkafa da gero. Ƙasar da ta rage ta yi wa manomi da makiyayi kaɗan, rikici ya biyo baya. Masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, sun lissafa tun farkon shekarun 1990 cewa ruwan da aka bari ya malala a fadamar ya fi kawo amfani a kan wanda aka tare domin manyan ayyukan ban ruwa na sama. Hanyar keke ba za ta yanke kacala ba. Abin da za ta yi shi ne ta ƙara yawan idanun da suka ga wurin, da bakunan da za su tambayi Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are yadda ake sakin ruwa.

Kirana ga shugabannin makarantun sakandare na Maigatari, Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar: kada ku jira sai gwamnati ta zuba jar ƙasa. Hunturu mai zuwa ku nemi izinin jami'an gandun da na masu garin, ku ɗora kekuna goma a bayan mota zuwa Haɗejiya, ku kai ɗalibanku Baturiya su kwana kusa, su shiga da asuba kafin rana ta ɗaga.