Ɗan Wasa a Hannun Koci: Wa Ke Sa Ido?

Da zarar an kawar da amfanin gona a Bagwai, fili ya samu. Daga Gadanya zuwa Rimin Dako, samari kan kafa sanduna su hau ƙwallo har magariba, kuma ba a rasa wanda za a nuna a ce, "Wannan ya fi ƙarfin ƙauye, a kai shi Kano." Uba ya damƙa ɗansa ga koci, ya ce ga amana nan, ya koma noman rani a bakin Watari. Daga ranar, cin yaron da makwancinsa da sa shi a wasa duk suna hannun mutum ɗaya.

Amurka ta ga inda irin wannan damƙawa take kaiwa. Larry Nassar likita ne na tawagar ƙasar ta 'yan mata masu wasan tsalle da lanƙwasa jiki, wato jimnastik. Shekara da shekaru yana lalata da yara da sunan duba lafiya, wani lokacin ma uwa tana zaune a ɗakin, ya tare mata gani da jikinsa. An kai ƙararsa tun 1997, manya suka ce yaran ne ba su fahimci aikin likita ba. Hukumar FBI ta samu labari a 2015, ta yi fiye da shekara ba ta taɓuka abin kirki ba. Sai a 2016, da Rachael Denhollander ta fito da sunanta a jaridar Indianapolis Star, asiri ya tonu. A Janairun 2018 mata fiye da 150 suka yi magana a gaban kotu a Michigan, aka yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175. Har Simone Biles, wadda duniya ta sallama wa a wannan wasa, tana cikin waɗanda ya cutar.

Wani zai ce ai can ne. To, Mali fa? A Yunin 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta wallafa ƙorafin 'yan matan tawagar ƙwallon kwando ta ƙasar, 'yan ƙasa da shekara 18, cewa kocinsu Amadou Bamba yana neman su, wadda ta ƙi kuma a ajiye ta a benci. An kama shi a watan Yuli. A Gabon kuwa maza ne: a ƙarshen 2021 aka zargi tsohon kocin 'yan ƙasa da 17, Patrick Assoumou Eyi, da lalata da yaran da ke neman shiga tawaga, daga baya FIFA ta haramta masa harkar ƙwallo har abada.

Makamin ɗaya ne ko'ina, jerin sunayen waɗanda za su buga. Yaron da ya san an sayar da akuya kafin a haɗa masa kuɗin mota ba zai so ya dawo gida hannu rabbana ba. Ga kunya, ga tarbiyyar da ta hana musu da babba. In ma ya yi ƙarfin halin faɗa, abin da ya fi saurin ji shi ne "a rufa asiri". Asirin wa? Yawanci na mai laifin. Haka duka da horon yunwa da tilasta wa mai targaɗe shiga fili suke wucewa da sunan gyaran yaro.

Akwai kuma dillalan da ke karɓar kuɗin iyaye da alkawarin Turai. Dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan keɓaɓɓun yanayi. Ahmed Musa kansa, da ya bar Kano Pillars zuwa VVV-Venlo ta Holan a 2010, sai da ya jira ranar 14 ga Oktoba ya cika shekarun kafin a ba shi damar bugawa. Duk wanda ya ce zai fitar da ɗan shekara 15 a mako biyu, a tambaye shi ta wace ƙofa.

Uban da ke Bagwai yana da ikon ganin ɗakin da ɗansa zai kwana, ya san su wa ke kwana tare da shi, ya kuma riƙa magana da yaron ba a wayar koci ba. In abin ya riga ya faru, Jihar Kano tana da dokar kare haƙƙin yara tun Mayun 2023, kuma cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala tana duba waɗanda aka ci wa zarafi, mace ko namiji.